Yanda ake fitar da furotin daga cikin nukiliyas

Assalamu alaikum jama'a. Yau bayoloji za mu taɓa kuma ba mai sauƙi ba, amma ku daure ku biyo ni a hankali don wallahi abin ya kai a san shi.

Duk wanda ya yi bayoloji a sakandare ya san jikinmu tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ake ce wa sel, kuma a cikin kusan kowane sel akwai nukiliyas inda DNA yake a killace an zagaye shi da fata ninki biyu. An kuma koya mana cewa ba a cikin nukiliyas ake haɗa furotin ba, a waje ake yi, a saitofilazim, wato sauran cikin sel ɗin da ke kewaye da nukiliyas, inda ribosom, injinan haɗa furotin, suke. To in dai a waje ake yin furotin me ya kai shi ciki har ake maganar fitar da shi? Yawancin bayanin da ɗalibai ke samu a kan shiga ne, fita kuwa layi biyu ake mata a wuce, alhali ni a ganina a wajen fitar nan ne sel yake yanke da yawa daga cikin manyan hukuncinsa.

Da farko dai furotin da yawa da ke aiki a kan DNA ba zaman dindindin suke a can ba, shiga suke su kunna wasu ƙwayoyin gado ko su kashe, in aikin ya ƙare dole su bar wajen in ba haka ba abinda suka kunna ba zai tsaya ba. Sannan shi kansa ribosom ɗin a ciki ake harhaɗa shi, furotin kusan 80 da ke jikinsa a waje ake yin su a shigar da su, a haɗa su da RNA, ɗan uwan DNA, a wani lungu na nukiliyas da ake kira nukiliyolas, sannan a fito da shi gida biyu, babba da ƙarami. Sel ɗin yis, irin wanda ke kumbura burodi, mai girma da sauri yana yin ribosom wajen 2000 a minti ɗaya kuma duk sai sun fito. Akwai kuma masu kutse, furotin ɗin da ba su da abin yi a ciki amma a hankali suke sulalewa su shiga, ko kuma a rufe da su lokacin da sel ya rabu biyu fatar nukiliyas ta sake haɗewa, su ma sai an yi ta kwashe su ana mayarwa waje ba dare ba rana.

Hanyar shiga da fita guda ce, ramukan da ke jikin fatar nukiliyas. Tun 1950 Callan da Tomlin suka hango su a ƙwan kwaɗo da madubin ilektron. Kowane rami gini ne babba mai kusurwa takwas, furotin iri kusan 30 ne suka yi shi amma an maimaita kowanne sau da yawa har jimillarsu ta kai wajen 1000, kuma sel ɗin mutum yana da irin wannan rami dubbai. Abinda ya fi ba ni mamaki shi ne tsakiyar ramin ba fili ba ne kuma ba murfi gare shi da ake buɗewa a rufe ba. Cike yake da wasu zarurrukan furotin marasa tsayayyar siffa masu yawan maimaita amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda biyu, fenilalanin da gilaisin, ana ce musu FG, suna ta motsi suna cuɗanya da juna. Ƙaramin abu yana ratsawa da kansa, amma da furotin ya haura kamar kilodalton 40, ma'aunin nauyin furotin kenan, sai wucewa ta fara masa wuya, in ya ƙara girma ta ƙara wuya. Duk da haka rami ɗaya yana iya wuce da kaya wajen 1000 a daƙiƙa guda, masu shiga da masu fita duk lokaci ɗaya.

To babban furotin ya yake fita? Ɗaukarsa ake. Akwai wasu furotin da ake kira ekspotin waɗanda bayansu yake iya taɓa zarurrukan FG ɗin nan ya saki ya taɓa na gaba ya saki, har su ratsa cikin 'yan milisakan, kuma duk abinda suka riƙe da shi suke wucewa. Ni ɗan dako nake ɗaukarsu, irin na kasuwa, shi ba ruwansa da abinda ke cikin buhu, a ɗora masa a nan ya sauke a can ya dawo fanko. Mafi girman aiki a cikinsu shi ne CRM1, wasu na ce masa XPO1 ko ekspotin 1.

Yanda aka gano wannan hanya labari ne da nake so ƙwarai, don ƙwayar cutar HIV ce ta nuna wa masana. Sel ba ya yarda RNA ya fito daga nukiliyas sai an gama yanke masa ɓangarorin da ba a buƙata, wanda ba a gama gyarawa ba tsare shi ake a ciki. Ita kuma HIV dole ta fitar da RNA ɗinta mai tsawo yanda yake ba a yanke ba, don da shi za ta yi manyan furotin ɗinta kuma shi za ta zuba a cikin sabbin ƙwayoyin cutar. Sai ta fara yin wani ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 116 sunansa Rev, shi zai koma nukiliyas ya kama RNA ɗin a wani waje na musamman ya fito da shi. In babu Rev cutar ba ta hayayyafa sam. Tun wajen 1989 aka san Rev yana wannan aikin amma ba a san da me yake yi ba, sai a 1995 Utz Fischer da Reinhard Lührmann da abokan aikinsu a Marburg ta Jamus suka nuna cewa wani guntun layi ne na amino asid wajen goma a jikin Rev, mai yawan amino asid ɗin lusin. Suka ciro guntun suka liƙa a jikin wani furotin na jinin saniya wanda ba shi da wata alaƙa da nukiliyas, suka yi allurarsa cikin nukiliyas, sai ga shi ya fito waje. A shekarar dai ɗakin binciken Susan Taylor a San Diego ta Amurka ya sami irin wannan layin a wani furotin namu na jiki mai suna PKI. Alamar fita kenan, a takarda NES ake rubutawa. Alamar shiga kuwa tun 1984 aka same ta, ita ma a jikin furotin ɗin wata ƙwayar cuta SV40, kun ga tsakaninsu shekara goma sha ɗaya, don fita ta fi wahalar aunawa, sai ka iya saka abu cikin nukiliyas tukuna kafin ka ga ko zai fito, shi ya sa ƙwan kwaɗon Xenopus mai ƙaton nukiliyas ya yi wa fannin nan rana sosai.

Saura wanda ke karanta alamar. Nan kuma Japan ce ta shigo. A 1983 ɗakin binciken Teruhiko Beppu a Jami'ar Tokyo suna neman maganin fungus suka sami wani sinadari daga baktiriyar ƙasa Streptomyces suka sa masa leptomycin B. A 1989 kuma Adachi da Yanagida a Kyoto suka sami wata ƙwayar gado a wani nau'in yis da ba na burodi ba wadda in ta lalace kuromosom, wato ƙullin DNA, ke hargitsewa, ita ce CRM1, kuma lokacin ba wanda ya kawo maganar fitar da kaya a ransa. A 1994 Minoru Yoshida da abokan aikinsa suka nuna cewa ta CRM1 leptomycin yake yin aikinsa. Da aka ga leptomycin yana hana Rev fita sai komai ya haɗu, a 1997 ɗakunan bincike da dama kusan lokaci guda suka wallafa cewa CRM1 ne ke ɗaukar duk mai alamar lusin ɗin nan. Sai 2009 aka ga siffarsa sosai, kamar zobe yake, a bayansa akwai wani ɗan kwari mai ƙin ruwa inda lusin ɗin ke shiga su zauna, kuma a cikin kwarin akwai amino asid sistin na 528, nan leptomycin ke mannewa ya toshe wajen gaba ɗaya. Yis ɗin burodi leptomycin ba ya masa komai saboda kawai a wannan gurbin wani amino asid ne daban gare shi, tiriyonin.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu don nan ne zuciyar maganar. Ramin bai san ciki da waje ba, CRM1 ma bai sani ba, kai-komo kawai yake yana shiga yana fita ba tare da wani ya tura shi ba. To me ya sa kaya ke taruwa a waje ba sa dawowa? Wani ƙaramin furotin ne mai suna Ran. Shi Ran hali biyu gare shi, ko yana riƙe da GTP, wani ƙaramin sinadari mai ɗauke da ƙarfi, ko yana riƙe da GDP, abinda ke saura in an fasa GTP ɗin, kuma siffarsa tana canzawa da wanda ya riƙe. Enzayim ɗin da ke ɗora masa GTP, wato RCC1, a manne yake da kuromosom, kenan a cikin nukiliyas kaɗai yake. Wanda kuma ke sa shi ya fasa GTP ɗin ya koma GDP, wato RanGAP, a waje yake, wani ma a ɗaure yake a bakin ramin ta ɓangaren saitofilazim. Saboda haka ciki cike yake da Ran mai GTP waje kuma kusan babu. CRM1 shi kaɗai ba ya riƙe kaya da kirki, kwarin nasa yawanci a tsuke yake, sai Ran mai GTP ya shiga tsakiyar zoben sannan kwarin ya tsaya a buɗe kaya su zauna, su ukun su riƙe juna su ratsa ramin. Suna fitowa wani furotin RanBP1 zai kama Ran ya ɓamɓaro shi, RanGAP ya sa a fasa GTP, kwarin ya tsuke, kaya su faɗo. CRM1 ya koma ciki ba komai a hannunsa, kuma ko da ya ci karo da kayan a waje ba zai iya ɗauka ba tunda babu Ran mai GTP a wajen. Shi kuma Ran mai GDP wani furotin NTF2 ke mayar da shi ciki a sake ɗora masa GTP.

Masu shigar da kaya, impotin, da wannan Ran ɗin dai suke aiki amma a juye, su a waje suke ɗauka in sun shiga Ran mai GTP ya taɓa su sai su saki. Abu ɗaya yana sa wani ya ɗauka yana sa wani ya sauke, Allah mai iko. Kuma ba zato ba ne kawai, a 1999 Nachury da Weis suka cika ɓangaren waje da wani Ran da aka canza wanda ba ya iya fasa GTP ɗinsa, sai CRM1 ya koma shigar da kayan da ya saba fitarwa. Ni a duk fannin nan babu gwajin da ya kai wannan gamsar da ni, don ya nuna ƙarara cewa ƙarfin da sel ke kashewa ba wajen tura kaya cikin rami yake tafiya ba, wajen riƙe bambancin Ran tsakanin ciki da waje yake tafiya. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane darasin, sauran sunaye ne da za a iya dubawa.

Wani abu kuma da mutum ba zai yi tsammani ba, yawancin alamomin fita na gaskiya riƙonsu ga CRM1 mai rauni ne. Da masu bincike suka ƙirƙiro alama mai ƙarfin riƙo sosai wadda ke kama CRM1 ko babu Ran, sai kayan suka maƙale a bakin ramin suka ƙi sauka. Raunin shi ke ba Ran damar zama mai yanke hukunci.

CRM1 ba shi kaɗai ba ne. CAS aikinsa dawo da impotin alfa, ɗaya daga cikin masu shigar da kaya, waje bayan ya kai kaya ciki, ekspotin t na fitar da tRNA mai kai wa ribosom amino asid, ekspotin 5 na fitar da ƙananan RNA da za su zama microRNA masu rage aikin wasu ƙwayoyin gado, ekspotin 6 kuma aktin, furotin ɗin da ke yin zarurrukan da ke tallafe sel, kawai yake kwashewa. Ƙwan kwaɗo ba ya yin ekspotin 6, yana barin aktin ya taru a ƙaton nukiliyas ɗinsa ya tallafe shi, da aka yi masa allurar ekspotin 6 ɗin sai nukiliyas ya zama mai saurin fashewa. Shi kuwa mRNA na yau da kullum, mai kai saƙon DNA zuwa ribosom, hanyarsa daban ce ta wani NXF1 kuma ba Ran ke ba shi alƙibla ba.

Amfanin duk wannan yana fitowa ne in ka duba yanda sel ke ɓoye alamar fita ko ya bayyana ta lokacin da ya so. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne abinda ke faruwa a hantar mai azumi. In mutum ya daɗe bai ci ba insulin ya yi ƙasa, wani furotin FOXO1 yana zaune cikin nukiliyas na sel ɗin hanta yana kunna ƙwayoyin gadon da ke sa hanta ta haɗa suga da kanta ta zuba a jini don ƙwaƙwalwa ta samu. Da an sha ruwa an ci abinci insulin ya tashi, sai wani enzayim Akt ya liƙa wa FOXO1 fosfet a wurare uku, wani furotin 14-3-3 ya kama shi, alamar shigarsa ta rufu, CRM1 ya ɗauke shi ya yi waje da shi, hanta ta rage haɗa suga. Ba sai an jira an lalata shi ba, canza masa waje ya isa kuma cikin mintuna ake yi. A ciwon suga nau'i na biyu inda hanta ba ta jin kiran insulin yanda ya kamata, FOXO1 yana daɗewa a ciki hanta ta yi ta zuba suga ko ba a buƙata, yana daga cikin dalilan da ke sa a auna mutum da safe bai ci komai ba a ga sugansa a sama. Haka p53, furotin da ke tsayar da sel in DNA ya lalace ko ya sa shi ya mutu, alamar fitarsa tana daidai inda guda huɗu ke haɗuwa su yi aiki, in sun haɗu alamar ta ɓuya ya zauna ciki, in ba a buƙatarsa ta bayyana a fitar da shi.

Ƙwayar cutar mura ma da CRM1 ta dogara. Ita ba kamar yawancin masu RNA ba, a cikin nukiliyas take kwafar gadonta mai gida takwas, sannan furotin ɗinta NEP mai alamar fita tare da M1 su haɗa su da CRM1 a fito da su. Murar tsuntsaye H5N1 da aka fara tabbatarwa a Afirka a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006 ta hallaka kaji masu yawa, ita ma ta wannan hanyar take bi a cikin sel ɗin kaza.

Sai ciwon kansa, wato daji. A 2005 Brunangelo Falini da abokan aikinsa a Perugia ta Italiya suka lura cewa a kusan kashi ɗaya cikin uku na manya masu wata kansar jini da ake kira AML, wani furotin NPM1 da ya kamata ya zauna a nukiliyolas a saitofilazim ake ganinsa. Da aka bincika sai aka ga harafin DNA huɗu ne kawai suka ƙaru a ƙarshen ƙwayar gadon, suka ɓata abinda ke riƙe shi a nukiliyolas kuma suka haifar masa da sabuwar alamar fita, CRM1 ya yi ta kwasarsa yana fitarwa. Yau gwajin wannan canjin yana cikin abinda likitocin jini ke dubawa kafin su tsara wa mai AML magani. A wasu kansar kuma CRM1 ɗin ne ke yin yawa, ya riƙa fitar da su p53 da FOXO da sauran masu taka wa sel burki, lafiyarsu ƙalau amma suna inda ba za su iya aiki ba.

Dole tunani ya zo cewa to a toshe CRM1 mana. An gwada leptomycin B a jikin masu kansa a shekarun 1990 aka dakatar saboda gubarsa ta yi yawa, tunda in ya manne ba ya saki. Daga baya kamfanin Karyopharm a Amurka ya haɗa selinexor, ƙwaya ce ta haɗiya, a sistin 528 ɗin nan dai yake kamawa amma a hankali yana saki. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a Yulin 2019 don myeloma, kansar ɓargo, ga waɗanda sauran magunguna suka daina musu aiki, a 2020 aka ƙara da wani nau'in limfoma, ita ma kansar jini ce. Myeloma ɗin nan ya kamata mu damu da ita don a Amurka baƙaƙen fata sun ninka farare wajen kamuwa da ita, kuma da ciwon ƙashin baya da ƙarancin jini da matsalar ƙoda take zuwa, abubuwan da a wajenmu sau da yawa tsufa ake ɗora wa ba a je an yi gwaji ba. Maganin kuma yana da tsada ƙwarai kuma yana da wahala a jiki, tashin zuciya, rashin cin abinci, rama, gajiya, raguwar ƙwayoyin da ke daskarar da jini da raguwar gishirin sodiyam.

Kuma wahalar ba abin mamaki ba ce in ka tuna yawan kayan da CRM1 ke ɗauka. Wani bincike daga ɗakin Dirk Görlich a Göttingen a 2015 ya lissafo furotin fiye da 1000 a sel ɗin mutum da ke bin hannunsa, har da ɓangarorin ribosom. In ka toshe shi don ka tsare p53 a ciki ka tsare duk waɗannan ma, a sel mai kansa da mai lafiya baki ɗaya, shi ya sa selinexor sau ɗaya ko biyu a mako kawai ake iya sha. Ga AML mai canjin NPM1 kuwa wannan tazarar matsala ce, maganin yana mayar da NPM1 cikin nukiliyas amma da ƙarfinsa ya ragu a jini sai a sake fitar da shi kafin a sha na gaba. Akwai wani ɗan uwansa eltanexor wanda ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai don haka ana iya ba da shi kwana biyar a mako, kuma a gwajin ɓeraye masu irin wannan AML ɗin toshewar da ta daɗe haka ta sa sel ɗin kansar suka fara girma zuwa ƙwayoyin jini na sosai, ɓerayen kuma suka fi daɗewa a raye.